Langar da Iyatu Ta Kasa Mayarwa

Zuwa ga Yayata Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya ƙara muku rufin asiri a can Legas. Mu nan Bunkure lafiya, sai ƙafar Baba da ke tashi in ya daɗe a gonar albasa, kuma kin san shi, ba mai zaunar da shi gida. Ƙanwarmu Fa'iza ta sauka, an samu mace, hancinki ta ɗauko sak, Allah Ya ba yarinya haƙuri. Na ba Musbahu direban motar tumatir takardar nan ne don abin da ke cikinta na kasa faɗa miki a waya.

Yaya, Iyatu ta rasu ranar Alhamis. Iyatu dai ta rugar bayan gari, mai kawo wa Inna nono, wadda ta goya ki lokacin da Inna take jinya. Allah Ya jiƙanta.

Kin san tukunyar da mu matan unguwa muke ɗorawa saboda tsofaffi da marasa lafiya, wadda kike aiko wa gudunmawa. Masu injin shinkafa na Kura suna ba mu karyayya, manoma su kawo tumatir da albasa, mu haɗa da wake da zogale. Da 'ya'yan Iyatu suka yi kudu da ragowar shanu, muka sa ta cikin waɗanda ake kai wa, yarinyar nan Tambaya ce mai kai mata. Muka ce uwa ce, ba za a zuba mata a roba ba, sai a langa mai murfi, irin wadda ake kai wa surukai.

Kullum langar nan sai ta dawo da ƙwan zabi ko ɗan curin man shanu a ciki. Mu kuwa sai murna, muna cewa ashe tsohuwa da sauran ƙarfinta. Dukanmu mun san ba a mayar da kwano wayam, amma ba wadda ta tsaya ta tambayi kanta ina take samu. Ashe zabinta take sayarwa ɗaya bayan ɗaya tana sayen man a kasuwa. Da suka ƙare, sai ta ce wa Tambaya a dakata da kawowa, azumin ramuwa take yi. Muka yaba mata, muka bar ta da ibadarta.

Saliha maƙwabciyarta ce ta same ta a kwance kusa da randa. A asibiti likita ya ce ba wata cuta, jini ne ya ƙare, yunwa ce. Yunwa, Yaya, a garin da shinkafa ta kewaye ta ko'ina, ga tukunyarmu tana tafasa kullum.

Ana gobe za ta cika ta riƙe hannuna, ta ce in yafe mata, akwai langarmu ɗaya a ƙarƙashin gadonta. Ta ce ta wanke ta tas, abin sawa a ciki ne ba ta samu ba, kada mu zaci riƙewa ta yi. Na ce mata langar banza ce, ta ce ita tun da take ba ta taɓa mayar da kwanon mutane haka nan ba. Yanzu dai mun canza, duk wanda muka kai wa sai mu juye masa a kwanonsa, mu dawo da namu a hannu. Da mun yi haka tun farko, Allah ne masani.

Baba yana gaishe ki, da Fa'iza da Tambaya. Ki gaida maigida, da Abdulsamad da Sumayya. Ki sa Iyatu a addu'a, don har ƙarshe tana ambatonki. Ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci sosai a can, wai tun kina ƙarama ba kya son ci sai an lallaɓa ki.

Taki ƙanwa,
Sa'a