Madarar 'Yan Kudu

Bethesda, 9 ga Janairu, 1985

'Yata Eirlys,

Bayan gaisuwa, da fatan kun koma Leicester lafiya, ke da Graham da jikanyata Gwenno. Mu nan lafiya lau, sai ruwan saman da kika bari, har yau bai ɗauke ba.

Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Shekara arba'in na ƙarar nakiya a ramin dutse ba su bar mini kunnen waya ba.

Maganar da na yi ranar Kirsimeti, cewa kin yar da harshen uwarki a hanyar Ingila, na yi ta da zafi, kuma bai kamata a gaban mijinki ba. Amma ki ji inda abin yake mini ciwo. Idan mutum yana harshenmu na Wales, ko ban ji ba ina karanta leɓensa. Turanci kuwa, balle na 'yar shekara biyar mai zuba kamar famfo, ko kalma ɗaya ba na kamawa. Kwana huɗu yarinyar nan tana ba ni labari ina gyaɗa kai kamar wawa, ran na biyar ta daina zuwa wurina. Jika ɗaya gare ni a duniya, kuma ban san me take faɗa mini ba.

To ga dabara. Na sayi bidiyo. Menna Mai Kanti ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Akwai wani katun da tasharmu ta talabijin ke nuna wa yara, Kyaftin Botwm. Kare ne na ulu da aka saƙa, idanunsa maɓallai, yana kwance a gadon wani yaro, da an shiga uku sai ya kifa shuɗiyar safa a ka ya tashi sama. Shirme ne tsagwaronsa, amma da harshenmu ake shirmen. Tunda tashar ba ta kai muku, ga kaset na ɗauka. Ni dai ban san me suke cewa ba, karen ulu ba shi da leɓen da za a karanta.

Ki gai da Graham. Ki riƙa sa wa yarinyar hula.

Babanki,
Idwal

Leicester, 12 ga Maris

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Kaset na huɗu ya iso. Na uku kuwa rabinsa gasar karnukan kiwo ce, da alama ka latsa inda ba nan ba. Graham ya kalla har ƙarshe, ya ce a yi maka godiya.

Baba, ka jawo mana aiki. Safar Graham babu mai 'yar'uwa yanzu, duk sun zama hular Kyaftin. Shekaranjiya Gwenno ta diro daga kan teburin cin abinci za ta ceci kyanwar maƙwabta, wadda ba ta nemi ceto ba. Kullum da ta dawo daga makaranta sai kaset, har ya fara lalacewa.

Kuma ta fara magana. Ina wanke-wanke na ji ta a bayana tana yi wa cokula faɗa da harshenmu, sai da na zauna. Tun rasuwar Mama ban ji shi a cikin gidan nan ba. Na fara amsa mata kaɗan-kaɗan, bakina ya yi tsatsa amma yana warwarewa.

Maganar Kirsimeti ta wuce, ban riƙe ka ba.

Za mu zo bikin Ista, kwana huɗu. Tana da abin da ta tanadar maka, ta hana ni faɗa. Abu ɗaya nake roƙo: duk yadda maganar ta fito, ka riƙe bakinka. Na san ka, shi ya sa na ja layi a ƙarƙashin wannan.

Kada ka dafa romon rago na mutum ashirin, mu uku ne.

'Yarka,
Eirlys

Bethesda, 10 ga Afrilu

Eirlys,

Ina fatan kun isa lafiya. Ban gane dalilin da kuka tafi ranar Litinin ba alhali sai Talata kika ce. Ga romo nan har yanzu.

Bari in faɗi nawa, tunda kin shiga mota ba ki saurare ni ba. Mun dawo daga majami'a, Menna da mijinta suna shan shayi a falo. Yarinya ta zo ta tsaya a gabana, safa a ka, ta buɗe baki sosai ta ce, "Tad-cu, ina son llaeth." Na karanta kowace kalma, ban musa ba, madara take nema.

Sai Menna ta ajiye kofi tana ƙyaƙyata dariya. "Kai, Idwal! Ka sayi bidiyo don ya ƙyanƙyashe maka 'yar Kudu? Gobe sai ta ce a kai ta haƙar kwal irin ta mutanen can!"

To me na ce? Cewa na yi nan gidan babu Tad-cu, wannan kakan mutanen Kudancin Wales ne, mu a Arewa Taid muke da shi tun kafin a fasa dutsen farko. Na ce kuma shanunmu llefrith suke bayarwa, llaeth sai a gangara Cardiff a nema. Gyara ne kawai. Duk wanda ke son yaro yana yi masa gyara. Ban zage ta ba, ban taɓa ta ba, na ma zuba mata madarar, ita ce ta ƙi sha.

Kin sani tun Maris kika yi shiru. Da kin gaya mini 'yan Kudu ne ke magana a bakin karen nan da na shirya.

Ga kaset na bakwai.

Babanki,
Idwal

Leicester, 17 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa. Kaset ya iso, yana nan a cikin ambulan ɗinsa.

Ka ce gyara ne. Kai ba ka jin muryarka, mu muke ji. Kofuna sai da suka yi ƙara a kan tire.

Mako uku Gwenno ta yi a gaban madubin banɗaki tana koyon wannan jimla ɗaya. Ni na gaya mata kakanta da ido yake ji, shi ya sa take wage baki haka, don kada ka rasa ko harafi. A katun ɗin yaron yana da kaka, Tad-cu yake kiransa, tsohon kuma yakan ɗaga shi sama. Abin da take jira ke nan.

Yanzu ta mayar wa Graham safarsa. Na yi mata magana da harshenmu ta amsa da Turanci, ta ce, "Kaka ya ce ban iya ba." A Cardiff ake yin katun ɗin, Baba. Kai ka aiko mata malamin, ta koya da kyau, sannan ka yi mata tsawa don ta koya.

Kuma tunda muna faɗin gaskiya: ka tuna wasiƙun da nake aiko maka daga kwaleji, kana dawo mini da su da jan biro? Ba a hanyar Ingila na yar da harshen nan ba. Gajiya na yi da jin ban iya ba.

Ina ƙaunarka, kuma na san don ita ka yi duk wannan wahala. Amma jika biyu ne a gabanka, mai cewa llaeth da mai shiru, sai ka zaɓa.

'Yarka,
Eirlys

Bethesda, 13 ga Mayu

'Yata,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na daɗe ban amsa ba. Sau uku na fara, duka ukun kare kaina nake yi, na jefa su a murhu.

Maganar jan biro ban da ta cewa. Na ɗauka taimako nake yi. Ki yafe mini, ko da ya zo a makare da shekara goma sha biyar.

Na je wurin matar sabon fastonmu, 'yar Kudu ce daga Llanelli, baiwar Allah tana zaune cikinmu da haƙuri. Na kunna mata kaset ta rubuta mini kalmomin karen nan, shafi biyu. Wasu ko a bakin kabari ba zan faɗe su ba, amma na haddace.

Ranar Asabar da safe na shiga kantin Menna, ya cika maƙil. Na bari layi ya zo kaina na ce, "A ba ni kwalbar llaeth ɗaya."

Ta ce, "Me ka ce, Idwal?"

Na ce, "Nawa kunnen ne ya mutu, ba naki ba. Llaeth."

"Ba ma sayar da shi a nan."

"To ga shi can a bayanki, fari, a kwalba. Jikata ce ta koya mini, kuma ta fi ki iya magana."

Ban ji dariyar ba, amma na gan ta, har da masu haƙoran roba. Kin san garin nan, suna in ya kama mutum sai a rubuta shi a kan kabarinsa. Shekara sittin da takwas ina Idwal Pritchard, yau ko mai kawo wasiƙa Idwal Llaeth yake ce mini. Na ɗauki kwalbata na fita da ƙafafuna, ban mutu ba.

Ki karanta wa Gwenno wannan a hankali. Ki gaya mata ta iya, kakanta ne bai iya ba. Idan ta yarda ta sake faɗa mini jimlar nan, da kowane irin baki, zan ɗaga ta sama in bayana ya yarda. Idan ba ta yarda ba tukuna, zan jira.

Babanki,
Idwal

Leicester, 19 ga Mayu

Baba, ita ta faɗa, da harshenmu, ni na rubuta. Ban gyara komai ba, kai ma kada ka gyara.

Tad-cu,

Ina gaishe ka. Mama ta ce an yi maka dariya a kanti. Ni ma an yi mini. Kada ka yi kuka, yana wucewa.

Ka ajiye safa babba mai shiga kanka. Idan na zo hutu zan koya maka sauran. Zan yi a hankali don ka gani.

Gwenno