Kifi Laba Tara, Ƙwaya Biyu, da Injin da Ya Ce Ƙarya Nake

Zuwa ga:
Mai Girma Mista Gordon Sundquist,
Shugaban Kwamitin Gasar Kamun Kifi ta Kan Ƙanƙara,
Ƙungiyar Masunta ta Pike Narrows, Jihar Minnesota.

Daga:
Dustin Rautio,
Mai tikitin gasa lamba 412,
Gida na ƙarshe a Titin Injin Katako, Pike Narrows.

Litinin, 17 ga Fabrairu, 2025.

Game da: Soke nasarata a gasar bana bisa shaidar injin gano ƙarya, alhali maganin toshewar hanci ne ya yi magana a jikina, ba ƙarya ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ka da sauran dattawan kwamiti, ina neman izinin gabatar da kukana. Ban yi nisa a makaranta ba, a aji goma, saura shekara biyu in gama sakandare, na ajiye jaka, don haka idan an ga rubutun ya karkace, a dubi maganar, kada a dubi hannun.

Ranar Asabar, 8 ga Fabrairu, gari ya waye da sanyin digiri goma sha takwas ƙasa da sifili, sama tas babu gajimare, iska kuma tana shigowa daga arewa tana neman kunnen mutum ta cikin hula. A wannan rana, da ƙarfe biyu da 'yan mintoci, a rami na uku daga tantin awon kifi, cikin ramukan da aka huda a ƙanƙarar Tafkin Sorvala, na ciro kifin walleye mai nauyin laba tara da rabi. Ma'auninku ne ya faɗi haka, ba bakina ba. Babu wanda ya kamo na kusa da shi, saboda haka motar a-kori-kura da kuka ajiye kan ƙanƙara da jan ƙyalle a goshinta ta zama tawa. Ta zama tawa har zuwa ƙarfe huɗu, lokacin da aka shigar da ni tirelar da kwamiti ya mayar ofis don cika dokar nan da ta ce wanda ya zo na ɗaya sai ya zauna a injin gano ƙarya kafin a miƙa masa makulli. Ba na jayayya da dokar. Duk mun san mutanen da ke shigowa da kifin wani tafki a cikin rigar sanyi. Jayayyata da yadda aka yi da ni ce, kuma ga ta dalla-dalla.

1. Tun ranar Laraba, 5 ga wata, mura ta toshe mini hanci, goshina da kumatuna suka yi nauyi kamar an ɗura musu siminti. Ranar Juma'a na je kantin maganin garinmu wurin Misis Ekdahl, mai harhaɗa magunguna, na nemi maganin buɗe hanci na sha, irin wanda ake ajiyewa a bayan kanta. Ta karɓi lasisin tuƙina, na sa hannu. Ta tambaye ni ko ina da hawan jini ko ciwon zuciya, ko ina shan wani magani, na ce babu. Sannan ta riƙe kwalin ba ta sakar mini ba sai da ta gama karatunta: ƙwaya ɗaya duk awa goma sha biyu, a haɗiye ta ɗungurungum da ruwa, kada a tauna kada a fasa, kada a haɗa ta da wani maganin mura, a rage kofi, kada a sha dab da kwanciya, in an kai mako guda hanci bai buɗe ba a je wurin likita. Ta ce in maimaita. Na maimaita ba tuntuɓe. Ina ambaton wannan ne don kwamiti ya san ta halal na sami maganin, kuma ita baiwar Allah ta fita haƙƙina.

2. Ranar gasa na sha ƙwaya ɗaya da asuba kamar yadda aka ce. Amma ranka ya daɗe ka san yadda zaman masunci kan bokiti a tsakiyar ƙanƙara yake. Kafin tsakar rana hancin ya sake rufewa ruf, ina numfashi ta baki, gashin bakina ya zama ƙanƙara. Sai na yi lissafi irin na wanda bai gama makaranta ba, cewa idan ɗaya ta buɗe ƙofa guda, biyu za su buɗe duka biyun. Ruwan gorata ya daskare, don haka na tauna ta biyun, na kora da kofi. Daga baya aka fahimtar da ni cewa ƙwayar an gina ta ne ta riƙa sakin ƙarfinta kaɗan-kaɗan har yamma, wanda ya tauna ta kuwa ya kwance mata ɗauri, ta zubo masa komai a lokaci guda. Na amsa wannan laifi nawa ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya kafa tukunyar kofi kyauta a bakin tantin awo? Kwamiti. Wa ya raba wa kowane mai tikiti gwangwanin lemon ƙara kuzari daga kamfanin da ya ɗauki nauyin gasar? Kwamiti. Ni mutum ne mai girmama kyautar manya. Na sha kofi huɗu da gwangwani biyu, ɗaya nawa, ɗaya na maƙwabcin ramina da ya ce ba ya so.

3. Lokacin da aka zaunar da ni gaban Mista Dombek, tsohon ɗan sandan da kuka ɗauko da injinsa, zuciyata tana dukan uku-uku, hannuwana suna karkarwa kamar mazari, gumi kuma yana tsiyaya daga hammatata a cikin tirelar da numfashin mutum ke fita kamar hayaƙi. Ya ɗaura mini igiyoyi biyu a ƙirji da ciki, ya sa mini abin awon jini a damtse, ya maƙala wasu ƙarafa a yatsuna. Bai tambaye ni ko na sha wani magani ba. Sau biyu na buɗe baki zan gaya masa, sau biyu ya ɗaga yatsa ya ce a wannan ɗaki kalmomi biyu ne kawai, e da a'a, kuma in daina girgiza ƙafa. Na ce ba ni ke girgiza ta ba. Ya ce wannan ma ba e ba ce, ba a'a ba ce.

4. A nan nake roƙon mai girma Shugaba ya gyara zaman tabaransa. Mista Dombek ya fara da tambayoyin da kowa ya san amsarsu, don injin ya ga yadda gaskiyata take. Ya tambaya ko sunana Dustin Rautio. Na ce e. Allurar injin, mai zane a kan takarda, ta yi tsalle. Ya tambaya ko yau Asabar. Na ce e. Ta yi tsallen da ya fi na farko. Ya tambaya ko a Minnesota muke, allurar ta kusa fita daga takarda. Da ya zo kan kifi, ko ni na kama shi, ko a ramina, ko a cikin lokacin gasa, tsallen bai ƙaru ba, bai ragu ba. Duk da haka aka ɗauki tsallen kifi aka bar sauran. Idan kwamiti ya yarda da injin, to ya yarda da shi gaba ɗaya: ranar ba Asabar ba ce, ba a Minnesota muke ba, kuma wanda kuka soke nasararsa ba ni ba ne. In haka ne, ni Dustin ba a gwada ni ba tukuna, ina jiran makullina.

5. Da na fito daga tirela, ma'aikaciyar jinyar da kuka ajiye a tantin agaji ta ga launin fuskata ta ja ni ciki. Ta auna bugun zuciyata ta samu ɗari da ashirin da takwas ina zaune, jinina kuma ya hau inda bai taɓa zuwa ba. Ta tambayi abin da na sha, tambayar da ya kamata a yi mini tun a tirela. Da na lissafa mata, ta ƙwace kofin da ke hannuna ta zubar, ta ajiye ni kusa da ita har bugun ya fara sauka, ta ce da ƙirjina ya yi ciwo ko kaina ya sara da sai motar asibiti. Ma'aikaciyarku ce, a tantinku, taku goma daga inda kuke yanke mini hukunci. Babu wanda ya leƙo ya tambaye ta.

6. Babban shaidana, wato kifin, kwamiti da kansa ya mayar da shi ruwa bayan awo, bisa doka. Ban ce a nemo shi ba. Amma ina da shaida mai ƙafafu. Misis Arlene Tvedt, wadda ta zo ta biyu da kifi laba shida, a ramin da ke bayana take zaune, kuma a kan idonta na yi kokawa da kifina har na kwanta rubda ciki na zura hannu cikin ruwan. Ita ce ta koya mini lissafi kafin in bar makaranta, ba ta da dalilin yi mini alfarma ko na ƙwayar zarra. Na same ta a gida ranar Talata, 11 ga wata. Ta ce ta san ƙaryata tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, ta san tafiyarta da irin takalmin da take sawa, kuma wannan ba ita ba ce. Ta ce a shirye take ta faɗi haka gaban kwamiti. Ta kuma ce, don kada in ruɗi kaina, idan kuka miƙa mata makullin za ta karɓa, domin tsufa ta yi, ba hauka ba.

7. Misis Ekdahl ma ta yarda ta bayyana wa kwamiti abin da wannan magani ke yi wa zuciya, jini da gumi idan an wuce ƙa'ida, balle an ɗora masa kofi. Sharaɗinta ɗaya ne, cewa za ta fara da gaya muku irin jakin da ta sayar wa magani. Ta riga ta gaya mini nawa kason a gaban layin mutane, ta ce ɗan Rautio, kunnen da ke maimaita magana daban, kunnen da ke jin ta daban. Na amince da sharaɗin.

8. Tun daga ranar ban sake shiga gidan mai ko shagon sayar da tsutsar kamun kifi an kira ni da sunana ba. Allura ake ce mini. Yara suna tambayata ko yau Asabar ce. Wannan zan iya haɗiye shi. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne maganar aiki. Tun da na bar makaranta na yi aiki a wurin wankin mota, da injin katako, da rufin gidaje, da wasu wurare uku da ba su cancanci shiga takardar hukuma ba, kuma babu inda ƙafata ta zauna. Kan tafki ne kaɗai nake iya zama wuri ɗaya ba a ɗaure ni ba. Mista Saarela, mai masaukin baƙi na gabar arewa, ya yi mini alkawarin aikin kai baƙinsa kamun kifi, rani da hunturu, in har ina da motar da za ta ja kwalekwale da ƙananan ɗakunan da masunta ke girkewa kan ƙanƙara. Tsohuwar motata ta mutu tun Nuwamba. Da na je masa bayan gasa, ya ce shi bai damu da mai jagora ya yi ƙarya ba, sana'ar ta gaji haka, amma ba zai ɗauki wanda aka kama ba, balle wanda zai zo aiki a ƙafa. Ya ba ni zuwa farkon Maris in wanke sunana in samo mota. An kuma sanar cewa ranar Asabar, 1 ga Maris, a liyafar ƙungiya, za a miƙa motar ga wadda ta zo ta biyu.

Bisa waɗannan dalilai, cikin ladabi nake roƙon mai girma Shugaba da ya dakatar da miƙa motar har sai an saurari Misis Tvedt, Misis Ekdahl da ma'aikaciyar jinya. Ina roƙon a sake zaunar da ni a injin, wannan ko wani, kafin ranar liyafa. Zan zo da safe, na yi barci, ban sha kofi ba, ban sha ƙwaya ba, kuma ma'aikaciyar jinya ta auna ni kafin a ɗaura igiya. Ina kuma ba da shawara, duk da ba a nema ba, cewa daga baɗi a riƙa tambayar duk wanda zai zauna a kujerar nan abin da ya sha a ranar. A watan Fabrairu rabin mutanen da ke kan tafkin da kwalin maganin mura suke yawo a aljihu.

Domin kwamiti ya san girman abin da ke gabansa, ga abin da na rasa zuwa yau. Mota ɗaya. Aiki ɗaya, in Maris ta same ni a ƙasa. Barcin dare biyu. Bokiti ɗaya da safar hannu ta dama, waɗanda na bari a bakin rami ina gudu zuwa ma'auni. Sai labarin kifi ɗaya, mafi girma a rayuwata, wanda ban ƙara masa ko rabin laba da baki ba, kuma duk garin nan babu mai saye.

Ina jiran amsarku da kyakkyawan zato. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya kiyaye masa hancinsa har ƙanƙara ta narke.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

Dustin Rautio
Tikiti lamba 412