Ƙarfen da Na Goge wa Mama

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Mama? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, na karanta saƙonki. Kin ce likita ya duba hoton ƙugun Mama, ya ga ƙarfen da aka dasa mata wata biyar ke nan yana girgiɗi, ƙashi ya ƙi kama shi, kuma ya rasa dalili. Ni na san dalilin.

Kin san shekara goma sha biyu na yi ina goge zobba da awarwaro kafin na samu aiki a masana'antar nan mai ƙera ƙarfen da ake dasa wa mutane a ƙugu. A nan ma kan ƙarfen, wato ɓangaren da ke juyawa cikin gaɓa, shi kaɗai nake gogewa. Jikinsa mai shiga cikin ƙashi kuwa, wani ɗaki ake fara kai shi, a fesa masa yashi, a tsoma shi a asid, ya fito da kaushi. Ban taɓa tambayar dalili ba, wai ni gwani.

Ranar da na Mama ya zo teburina da sunanta a takarda, na shafa shi na ji kamar dutsen goge ƙafa. Na ce wallahi wannan ba zai shiga jikin uwata ya kankare ta ba. Na faki idon shugabanmu, na goge shi tas har ina ganin fuskata a jiki, na miƙa aka rufe shi a leda.

Sai jiya na daure na tambayi mai fesa yashin. Ya yi dariya, ya ce ai ƙarfen titaniyam sai da kaushi, cikin ƙananan ramukan nan ƙashi ke tsirowa ya riƙe shi. Mai santsi ba shi da wurin kamawa.

Gobe da safe zan je in faɗa wa likita, ko da aikina zai tafi. Don Allah kada ki bar ta ta taka ƙafar nan, ko banɗaki za ta.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne ƙarshen saƙonki. Wai Mama ta ce in za a sake aikin, ba ta yarda a sa mata ƙarfen da bai bi ta hannuna ba. Yaya, ki taimake ni, da wane baki zan gaya mata?

Ki gaishe ta, ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta