Kaskar Ragon Baba

Kabara, Litinin

Yaya Umair,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Zariya, ya su Anti Safiya? Takarda na ba direba, don a gidan nan ko raɗa na yi a waya sai Baba ya ji.

Yau kwanansa tara da zazzaɓi. Sau biyu yana shanye maganin maleriya, a banza. Kai na sara masa, duk ya zabge. Amma ragon layyar da ya sayo daga ƙauye, ko da bin bango sai ya je ya cire masa kaska da hannunsa. Wallahi Yaya, tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Hassana

Zariya, Talata

Hassana,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, ban da ni da na karanta takardarki. Aikin likitan dabbobi ya nuna min cewa kaska na sa wa mutum ƙwayar cutar da maganin maleriya ba ya taɓa ta. Ki duba jikinsa, hammata, bayan gwiwa, matsematsi. Ki nemi ƙurji mai baƙin ɓawo. In an samu, a nuna wa likita, a ambata masa kaska. Kada a kai jibi. A wurin aiki ba za su sake ni ba sai Asabar.

Allah ya ba shi lafiya.
Yayanki

Kabara, Laraba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ni zan duba matsematsin Baba? Mutumin da ko hula ba ya cirewa a gabana! Hammata kawai na ambata, ya juya fuska bango, ya ce a mutu da mutunci ya fi.

Sai na aika wa Malam Haruna wanzaminsa, na ce Baba na son ƙaho. Na tare shi a soro na yi masa bayani. Ya shiga ya saki labule. Can na ji shi yana cewa, "Alhaji, shekara talatin ina ganin bayan nan, yau za ka ɓoye min cinya?" Ya samo ƙurjin, baƙi ƙirin. Da kansa ya raka shi asibiti, ya yi wa likita bayani ina waje.

An ba shi magani. Ka yi ta addu'a.

Hassana

Kabara, Juma'a

Yaya,

Salama. Zazzaɓin ya sauka. Ɗazu Baba ya cinye tuwonsa tas, sannan ya rufe ni da faɗa wai miya ba gishiri. Na ce a yi haƙuri, na shige ɗaki na yi ta kuka don daɗi.

Sai ka iso.
Hassana