Uku Cikin Goma

Kankiya, 14 ga Mayu, 1974

Zuwa ga Hawwa'u ɗiyar Baffa Bubayero, farin watan Kaikai, sanyin randa a tsakar bazara, inuwar gawo ga wanda rana ta dafa, wadda murmushinta ya fi kindirmon safiya fari.

Bayan gaisuwa mai yawa, Lami abokiyar tallanki ta zo mini da mummunan labari. Ta ce Baffa ya yanke magana: in ruwan shuka bai sauka ba kafin ƙarshen watan nan, zai kora ragowar shanun da farin bara ya bar masa, ku yi kudu, can wajen Kachiya, kuma ba da niyyar dawowa ba. Ni kuwa ranar ashirin da bakwai zan shiga Katsina jarrabawar malanta, mako guda cur ba fita. Wace irin ƙaddara ce ta haɗa tashinku da tafiyata a mako ɗaya?

Kin tuna ranar kasuwar Kusada da kika same ni gindin tsamiya na dafe kai a kan littafin lissafi? Kika aje ƙwarya kika tambayi abin da ya hana ni shan fura. Na ce babin yiwuwar abu ne. Na zuba wake goma a hulata, uku ja bakwai fari, na ce in kika rufe ido kika ɗauka sau goma, kina mayarwa, ki sa ran ja sau uku. Kika ɗauka sau uku a jere, duk ja! Kika yi dariya har 'yan kunnenki na rawa, kika ce littafina bai san hannunki ba. Tun ranar nan, ya kurciyata, ban sake buɗe babin ba sai na ji ƙanshin man shanu.

Jiya bayan an tashi makaranta na je ofishin gona, na roƙi malamin ya buɗe mini littafin da suke rubuta ruwan sama. Shekara ashirin na duba. Sau shida kaɗai ruwan shuka ya riga ƙarshen Mayu. Shida cikin ashirin, uku ke nan cikin goma. Na sake ƙirgawa ko na yi kuskure, ban yi ba. Da ma ban iya lissafin ba, da na kwana da fata kamar kowa.

An koya mana cewa mai hankali yakan auna kowane sakamako da yiwuwarsa, ya tara, ya bi hanyar da ta fi nauyi. A jarrabawa abin da sauƙi: tambaya hamsin, kowace da amsa biyar, ko canka kawai ka yi kana sa ran cin goma. Na ja layi a takarda, gefe guda in zauna jarrabawa, gefe guda in bar ta in tsaya kusa da ku. Sai alƙalami ya tsaya. Lamba nawa zan rubuta a gaban sunanki? In na bar jarrabawar, da wane aiki zan tsaya gaban Baffa? In na tafi, wa zan tarar a ruga in na dawo?

Na durƙusa gaban Kawu Ɗanmaliki na roƙe shi ya je neman aurenki Juma'ar nan. Ya ce ba a neman ɗiya wurin mutumin da ke binne shanunsa, in yi haƙuri sai kaka. Ba ni da iko da Kawu, ba ni da iko da Baffa, balle gajimare. Kullum in na fito aji sai in tsaya ina kallon gabas har ɗalibai su fara raɗa.

Abu guda nake roƙo, ya hasken idona. In tafiyar ta tabbata, ki bar wa Lami sunan garin da za ku fara yada zango, da sunan arɗon wurin. Na riga na tambayi direbobin tasha, sun ce kwana biyu ne a mota, sauran a ƙafa. Ranar da na aje alƙalami a Katsina, ba gida zan nufa ba.

Naki, ko a Kaikai ko a inda shanu suka tsaya, har ranar da za a miƙe ni a ƙasa,

Dawuda