Muciyata ce ta fasa kunnen, malamin aka karya wa hannu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa, manyanku da yaranku. Ina gaishe ku daga wani ƙauye na bakin kogi tsakanin Suki da Mai Wurno. Ba zan faɗi sunansa ba, don gidajenmu ba su da yawa, wanda ya san ɗaya ya san duka. Don girman Allah kada ku tsine mini kafin ku kai ƙarshe, na riga na tsine wa kaina iya tsinuwa. Karatuna bai wuce allo ba, da ajami na rubuta wannan, in kun ga ya karkace ku miƙar da shi. Sunayen da ke ciki kuwa duk na canja su.

Ni mace ce mai zaman gida, ba a san ni da faɗa ba. A tsakar gidana mata ke taruwa da hantsi, mu soya gahawa mu sha, mu yi ta hira har rana ta kore mu. Maigidana manomin auduga ne, yana da hawasha, wato gonar da ake shayarwa da ruwan magudana. 'Ya'yanmu duk mata ne sai auta, Sani. Uban ya sha rantsuwa cewa yaron nan ba zai tsufa a duƙe yana tsinkar auduga ba, sai ya ci jarrabawa ya wuce makarantar gaba, ya sa wando ya zauna a ofis a birnin Damazin. Ba ya ƙaunar ko ƙuda ya sauka a kansa. Malamin su Sani kuma ɗan maƙwabciyata ne, Goggo Asabe, wadda dangar kara ɗaya ta raba mu. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka, ita ta yi mini wankan jego. Ɗanta Bashiru ina amarya na goye shi a bayan nan nawa. Shi ne Bahaushe na farko da aka ɗauka koyarwa a makarantar garinmu, sai dai ba shi da takardar malanta, kamar ɗan riƙon ƙwarya yake. Da can yana duka kamar kowane malami. Muna daka mu jiyo kukan yara daga makaranta, mu ce alhamdulillahi, ana karatu. Mu a nan in ka kai ɗa wurin malam, abin da kake ce masa ke nan: nama naka, ƙashi namu. Da haka aka kai iyayenmu, da haka muka kai namu.

Bara da hutu aka zaɓe shi zuwa tadrib, abin da ku can kuke cewa kwas, a wata makarantar horar da malamai mai nisa, sai an kwana a jirgin ƙasa. Aka ce rabi zai yi, sauran rabin sai hutu mai zuwa, in ya gama a ba shi takarda ya zama cikakken malami. Goggo ta rangaɗa guɗa, ni na soya masa gyaɗar guzuri da hannuna. Jama'a, mutumin nan ya dawo kamar an musanya shi a hanya. Ya jefar da bulala. Lissafi da angurya yake koya musu, ya kai su bakin magudana su auna zurfin ruwa da igiya, bayan la'asar kuma ya sake tara su a gindin darbejiya suna gina shanu da yumɓu suna waƙa. Har barin su yake su yi masa tambaya! Makaranta ta yi tsit, babu kuka. Mata a wurin gahawa suka samu abin taunawa, wata ta ce gwamnati ta biya masa jirgi don ya koyo wasan ƙasa, wata ta ce malamin da ba a tsoro ai ƙanin uwa ne. Ni ma na yi dariya, amma abin ya dame ni, don jarrabawar Sani na matsowa. Sai na ba da sautu aka sayo mini bulalar dorina a kasuwar Suki, na naɗe ta a mayafi na kai masa.

Na ce, "Ustaz, ga tsaraba."

Ya warware, ya fashe da dariya. "Yaya, jakin wa ya shiga gona?"

"Ka fi ni sani. Sani ya fara gardama. Nama naka ne."

"Yaya, ni ba mahauci ba ne. A can wani dattijo ya tambaye mu, cikinku wa ya tuna karatun da aka biya masa ranar da aka fi dukansa? Ɗaki cike da malamai, wallahi babu wanda ya ɗaga hannu. Bulalar kawai muka tuna."

"To ni da na goye ka, da waƙa na yi maka tarbiyya?"

"Ki ba ni zuwa jarrabawa. In ya faɗi, ki zo da ita ki zane ni a gaban yara."

Na dawo da bulalata ina ƙunƙuni.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar tsinkar auduga, na wuni ina yi wa masu tsinka abinci, itace ɗanye, hayaƙi ya cika mini ido, bayana kamar ya tsinke. Na ce wa Sani ya dawo da wuri ya ɗaure awaki. Bai dawo ba. Awaki suka afka wa dawar da na shanya suka yi mata kaca-kaca. Ina tuƙin tuwo sai ga shi ya shigo, jallabiyar da na wanke masa da safe ta yi dumu-dumu da yumɓu, yana riƙe da wata 'yar saniyar laka yana murmushi zai nuna mini. Na ɗaga hannu. Yaro ai gudu yake, ko ya sunkuyar da kai. Wannan bai gudu ba. Ya dube ni cikin ido ya ce, "Inna, ki tambaye ni tukuna. Ustaz ya ce ba a dukan mutum ba a ji dalilinsa ba." Ni? Ni da na yi naƙudarsa? Ɗan da na share wa majina ne zai karanta mini doka a gindin murhuna? Ban san lokacin da muciyar ta fito daga tukunya ba. Da zafinta, da tuwon a jikinta, na sauke masa a gefen kai. Na ji ƙarar, kamar an fasa ɗanyen duma. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na ƙara. Sai da ya zube a ƙasa, saniyar ta murƙushe a ƙarƙashinsa, na ga jini na bin wuyansa daga cikin kunnen dama, sannan shaiɗanin ya sake ni. Bai yi kuka da ƙarfi ba, baki kawai ya buɗe yana kallona.

Ina durƙushe ina goge masa da zanena na ji sallamar ubansa. Na cilla muciyar bayan randa. Ya shigo, ya ga jinin, fartanya ta faɗi daga kafaɗarsa. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Sani ya dube ni. Ni na dubi ƙasa. Na san mutumin da nake aure, na taɓa gani ya kusa kashe kare don ya yi wa yaron nan haushi. Sai na ji bakina ya ce, "Haka ya shigo mini daga makaranta." Kalmomin da na faɗa ke nan, ban ambaci sunan kowa ba, amma wa nake yaudara? Ya ce, "Nama muka ba shi, ba mu ba shi ƙashi ba!" Ya cire ƙotar fartanyar ya fita yana kiran ƙannensa.

Allah ya yi ni da kunne, in aka yi raɗa a gida na uku ina ji. Ranar na so a ce kurma ce ni. Makarantar ba nisa, ina tsaye a ƙofar gida da Sani a rungume, ina jin komai. Sun same shi a gindin darbejiya yana tattara yumɓu. Na ji ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ji ƙota ta sauka. Na ji ya ce, "Mi na yi? Ku faɗa mini mi na yi!" Babu wanda ya tsaya faɗa masa. Suka tattake shi, suka ja shi a ƙasa, suka ɗora hannunsa na dama a kan bencin yara, maigidana na cewa, "Wanga hannun ne? Wanga ne?" Ƙarar da ƙashin ya yi har yau tana cikin kaina. Goggo Asabe ta fito a guje ba ɗankwali, ta faɗa kan ɗanta, ita ma ta samu rabonta a kafaɗa kafin dattawa su raba. Ni kuwa? Taku kaɗan ne tsakanina da su, kalma ɗaya ta isa ta tsayar da su. Na buɗe baki na rufe. Motar auduga guda aka sa su, malamin da ɗalibin, zuwa asibitin Sinnar. Likita ya ce kunnen Sani ya fashe ta ciki, da wuya ya ƙara ji da shi. Ustaz kuwa aka ɗaure masa hannu, ya dawo babu haƙoran gaba.

Ku ji halin mutane. Bakunan da suka ce ya yi sanyi da yawa, su ne yanzu ke cewa ashe macijin ƙaiƙayi ne, a fili waƙa, a ɓoye mugunta. A tsakar gidana ake faɗa, ni ke zuba musu gahawar, suna jajanta mini ina amsawa. Shugaban makaranta ya sanar da mufattish, babban mai duba malamai, shi kuma ya ce a dakatar da sunan Ustaz daga sauran rabin tadrib, in ya tabbata ya illata yaro, ba tadrib kaɗai ba, aikin ma ya tafi. Ustaz ya ce bai taɓa shi ba. Aka ce to wa ya taɓa shi? Ya ƙi kama sunan kowa. Sani kuwa duk wanda ya tambaye shi sai ya juya masa mataccen kunnen.

Kwanan baya Goggo ta shigo ɗiban wuta. Tun ranar ba ta taka gidana ba. Ta tsuguna tana zaɓen garwashi, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ɗiyata, dangar nan ta kara ce. Ranar ina gindinta ina tankaɗe." Na ce, "Goggo..." Ta ce, "Kada ki ce komai. Ban faɗa ba. A wurin da aka dake shi na buɗe baki zan faɗa, Bashiru ya gane, ya riƙe mini zane da hannun da ya rage. Ya ce in aka kore ki, wa zai riƙe yaron, ga shi an riga an yi masa illa. Ya ce ke kika goye shi." Ta miƙe da wutarta, ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Ni na yi shiru don ya roƙe ni. Amma da safe ni nake ba shi kunu a baki, ya yi ta koyon riƙe alli da hagu yana faɗuwa. Ki sani ina gani." Da zagina ta yi, da tsinka mini mari ta yi, da na samu sauƙi.

Yanzu ga inda aka tsaya. Shehun gari, wato mai garinmu, da mufattish sun shirya za a zauna in an gama tsinka, mutane sun samu sukuni. Tunda babu wanda ya ga dukan, aka ce wadda ta fara ganin yaron ita za ta dafa Alƙur'ani ta rantse a kan yadda ya shigo mata. Jiya muna cin abincin rana maigida ya ce, "Ke ce shaida. Ki yi alwala ki dafa, shi ke nan, a rufe maganar." Har sabon mayafi ya ce zai sayo mini na shiga taro. In na rantse, Ustaz ya rasa tadrib, ya rasa aiki, ya koma gona da hannun da ba ya riƙe fartanya, makaranta ta koma hannun masu bulala, ni kuma na san abin da rantsuwar ƙarya ke yi wa mutum da zuriyarsa. In na faɗi gaskiya fa? Yanzu ana yi wa maigidana da ƙannensa uzuri don an ce zafin ɗa ne. Ranar da aka san ba shi da laifi, sun zama waɗanda suka karya ma'aikacin gwamnati a banza, sai kurkuku. Kafin 'yan sanda su iso kuwa, ni da ƙotar nan a ɗaki ɗaya muke. Ko ya bar ni da rai, igiyar aurena ta tsinke, kuma ba zai bar mini Sani ba. Wane gida zan shiga? Iyayena sun rasu, ni ban san ko'ina ba sai tsakar gidan nan.

Ɗazu ina shafa wa yaron mai a wuya, muka rage mu biyu. Na tattara duk ƙarfin da ya rage mini, na sunkuya na ce masa a hankali, ɗana, ka yafe mini, ni ce na cuce ka, na cuci malaminka. Na faɗa duka, har hawayena na ɗiga a kafaɗarsa. Ya ji ɗumin numfashina, ya juyo ya ce, "Inna, magana kike? Ki zagayo ta nan, can ba na ji." Na zagaya. Na tsaya a gefen kunnen mai rai, yana jira, na ce masa ya je ya ɗaure awaki.

Wadda ta kasa maimaitawa a kunnen ɗanta, ta yaya za ta faɗa a gaban gari? Auduga ta kusa ƙarewa a gonaki. Don Allah ku amsa mini kafin a kira ni. Me zan yi?