Dokar Baba, Kujerar Mama

Litinin, 3 ga Maris

Yau Shugaba ya kira ni ofishinsa ya ɗora mini aikin da kowa a sashenmu yake ta zamewa: sabunta kalmomin dokar miƙa saƙonni ta tauraron ɗan Adam. Wai kamfanoni suna zuwa neman lasisi da na'urorin da dokar ba ta ma san sunansu ba. Gaskiyarsa ne. Har yau dokar tana maganar telegiram da ma'aikacin haɗa waya, akwai ma inda ta ce a adana bayanai a kaset.

Na ce to, na ɗauki fayil na fito. Sai a kan matakala na tsaya cak. Baba ne ya rubuta dokar nan, lokacin ina firamare. Kwafinsa mai shuɗin bango yana nan kan rediyo a falonsa, shi kaɗai ne abin da yake gogewa da hannunsa.

Tun rasuwar Mama bara Baba ya daina magana sai ta dole. Dokar nan kaɗai ce idan an taɓo ta yake ɗago kai. Ita kuma aka ba ni in bi da jan biro. Ina tsoron in na gama soke ta, ɗan abin da ya rage masa na magana ma ya tafi.

Laraba, 5 ga Maris

Injiniya na sashen fasaha ya turo mini sababbin kalmomi, kowace ta fi 'yar'uwarta tsawo. A zamanin Baba tauraro ɗaya ne babba, yana tsaye wuri guda a sama, tashar ƙasa ta kafa masa ƙaton faranti. Yanzu ƙanana ne garke guda suna ta zagaye, wannan ya miƙa wa wannan saƙo kafin ya sauko. Na soke, na maye, na soke, na maye. Shafin farko ya yi ja jawur.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gidan Baba kamar kowace Asabar. Gidan yana can ɗaya ƙarshen gari, ga cunkoson motoci, shi ya sa sau ɗaya nake zuwa a mako. Ko dai haka nake faɗa wa kaina.

Ya ce, "Aiki lafiya, Auta?" Na ce lafiya lau. Shayinsa ya huce bai sha rabi ba. Ban faɗa masa aikin da aka ba ni ba. Matsoraciya kawai.

Talata, 11 ga Maris

Yaya! Bakin nan nasa ba linzami. Na faɗa masa a waya don ya ba ni shawara, shi kuma ya kwashe ya kai wa Baba da zafinsa, har da dariya: wai ga Auta can za ta yi wa dokarka aski. Da na kira Baba ina ta kame-kame, cewa kawai ya yi, "Madalla. Abin da ya tsufa ai sai a sauya." Ya ajiye waya. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 15 ga Maris

Littafin ba ya kan rediyo. Ban tambaya ba.

Talata, 18 ga Maris

Shugaba ya dawo mini da sashen da ke bayyana mene ne miƙa saƙo. Ya ce duk wanda ya karanta a ofis sai ya fito da tasa ma'anar, kuma a kan sashen nan ake ba da lasisi ko a hana. Na zuba kalmomin Injiniya ne yadda suka zo, jimla ɗaya ta cinye rabin shafi. Ni kaina da na sake karantawa sai da na ɓata a tsakiya.

Na tuna yadda Baba yake nasa aikin. Kowace yamma zai tsaya a falo ya karanta wa Mama jimla da ƙarfi, ita tana kujerarta ta bakin taga tana ɗinki. Mama ba ta san komai a kan taurari ba, kuma abin da yake so ke nan. Ba ta ko ɗago kai, sai dai ta ce, "Ban gane ba, sake." Ya fusata, ya fita tsakar gida ya zagaya, ya dawo ya gyara. Ba ya barin jimla ta wuce sai ta ce, "Yauwa." Ni da Yaya muna leƙe muna ƙyalƙyala dariya. Da na girma na yi karatun lauya sai na ɗauki abin ɓata lokaci ne na mutanen da.

Alhamis, 20 ga Maris

Maganin hawan jinin Baba ya ƙare, dole na kai masa bayan an tashi aiki. Yana zaune yana kallon bango. Na zauna a teburin cin abinci ina jiran motoci su ragu a hanya, na fito da sashen nan ina karantawa ƙasa-ƙasa, ni da kaina.

Sai na ji an ce, "Ban gane ba."

Na ɗauka gatse ne. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ni ma ba da son raina nake yin aikin nan ba."

Ya ce, "Auta, ba gatse nake miki ba. Wallahi ban gane ba. Taurarin nan naku ban san su ba."

Mutumin da ya hau saman farantai da spana a aljihu, wanda ake zuwa daga nesa a tambaye shi, yau shi ne yake cewa bai sani ba, kuma ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ya miƙe a hankali, ya dafa bango, ya je ya zauna a kujerar Mama. Tun da ta rasu ba wanda ya taɓa zama a kanta, ko jikoki sun san ba a hawa. Ya gyara tabarau ya ce, "Kina neman wanda bai sani ba, ga shi kin samu a gida. Miƙe tsaye. A tsaye ake karantawa."

Na miƙe. Na karanta.

Asabar, 22 ga Maris

Ashe Mama mai sauƙi ce! Baba ya fi ta tsanani nesa ba kusa ba. "Sake." "Numfashinki ya ƙare kafin jimlar ta ƙare, raba ta." "Wannan kalmar me ta zo yi?" Har kaina ya ɗau zafi, na ajiye takarda na fita tsakar gida na zagaya. Ina dawowa na tarar yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ta gefen famfo kika bi, ko? Nan ni ma nake bi."

Rabon da in ji dariyarsa tun Mama na da rai. Na shiga kicin na yi kamar ina neman cokali.

Talata, 25 ga Maris

Na sake zuwa. Jiya ma na je. Ya shanye shayi, ya nemi ƙari.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau muka kai ga sashen da ya gagare ni. Na yi ta yi masa bayanin ƙananan taurarin nan da kofuna a kan tebur, wannan ya ba wannan, wannan ya ba wancan. Sai ya ce in karanto masa tsohuwar jimlar. Na karanta: tauraro ya karɓi saƙo ya kai, bai buɗe ba, bai ƙara ba, bai rage ba.

Ya ce, "Ba tawa ba ce wannan. Na kusa mako ina fama, sai mahaifiyarku ta gaji ta ce, wato dai ɗan aike ne, ya karɓa ya kai, bai buɗe ba. Na rubuta yadda ta faɗa." Ya dubi kofunan. "Yanzu 'yan aiken ne suka yi yawa. Amanar ai ba ta sauya ba."

Muka bar jimlar Mama, muka ƙara mata cewa ko ta hannun taurari nawa saƙon ya bi. Sauran kuwa bai ji tausayinsu ba ko kaɗan. Ya karɓi jan biron daga hannuna ya soke telegiram da kansa, ya soke kaset, ya soke ma'aikacin haɗa waya yana cewa Allah ya jiƙan aiki. Ni da nake tsoron taɓa masa doka, shi ya fi ni yi mata ɓarna.

Laraba, 2 ga Afrilu

Shugaba ya karanta sau ɗaya ya sa hannu. Ya tambaye ni wa ya taya ni, na ce wani ne da bai san taurarin zamani ba. Ya ɗauka wasa nake.

Ya kamata in yi murna. Amma a mota abin da nake ta tunani shi ne, gobe da yamma me zan karanta wa Baba?

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ban faɗa wa Baba an gama ba. Na ɗauko dokar kafa eriya daga ma'ajiyar ofis, wadda ba wanda ya sa ni, na tafi da ita. Ina fara karantawa ya dube ni ta saman tabarau.

"Auta, wannan ba ta taurari ba ce."

Na ce, "Suna da alaƙa, Baba."

Sannan ya gyara zama a kujerar Mama ya ce, "To miƙe tsaye."

Shuɗin littafin ya koma kan rediyo, ga takarduna masu jan biro a ƙarƙashinsa, an daidaita gefensu tsaf. Da zan tafi ya tambaye ni ko ba na gajiya da nisan nan kullum. Na ce ai hanya ce take biyowa da ni. Ya dai ce gobe in zo da sabon biro, wannan ya kusa ƙarewa.